FRED, shafin da ya nuna min abin da korona ta yi wa aiki da albashi

Jama'a na daɗe ina son in rubuta wannan sharhin, yau dai Allah ya nufa. A kan wani shafin intanet ne mai suna FRED, wanda na shafe watanni ina shiga kusan kullum, wani lokacin har dare ya raba ina riƙe da waya ina bin layin alƙaluma da yatsa. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne kuma babu wanda ya biya ni in tallata shi, kawai dai shafin ya warware min wani abu da ya daɗe yana ci min rai, sai naga ya kamata wasu ma su san da shi.

Lokacin da korona ta shigo a farkon 2020 ina aikin karɓar baƙi ne a wani otal. Cikin sati biyu littafin ajiye ɗakuna ya koma fayau, waya in ta yi ƙara to wani ne zai soke ɗakin da ya kama. Manaja ya tara mu yace kowa ya je gida a rabin albashi kafin a ga yadda hali zai yi, bayan wata biyu rabin ma ya tsaya, sai takarda ta biyo baya. Abin da har yau yake dawo min shi ne wata dattijuwa mai gyaran ɗakuna, ta fi shekara goma a wurin, ta zo kan teburina ta ajiye tarin makullan hawa na biyu, ta ninke rigar aikinta ta ɗora a kai, tace min "ɗana ka rubuta na dawo da su cif, kada gobe a ce ɗaya ya ɓata". Ita damuwarta kenan a ranar da aka sallame ta. Su akanta da manaja da mai kula da kwamfuta kuwa sun ci gaba da aiki daga gida, albashinsu na shiga.

To bayan wasu shekaru sai wani ya turo hoton wani zane a gurup ɗinmu, wai a Amurka albashi ma tashi ya yi lokacin korona, saboda haka duk kukan da ake yi siyasa ce. Wallahi maganar ta sosa min rai. Na kira ƙanwata da take karanta tattalin arziki a jami'a nace mata ke wannan abin gaskiya ne ko haɗa shi aka yi, tace "Yaya zanen gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba, amma kada ka tsaya musu da baki, ka shiga FRED ka gani da idonka". Daga nan na fara.

Ga wanda bai sani ba, FRED rumbun alƙaluman tattalin arziki ne da reshen babban bankin Amurka na birnin St. Louis yake kula da shi tun 1991. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba kafin ka duba, ba talla da ke faɗo maka a fuska, kuma akwai jerin alƙaluma sama da 800,000 a ciki. Galibinsu ba su suke tattarawa ba, suna ɗaukowa ne daga hukumomin da ke da alhakin ƙidayar, kamar hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka da ake kira BLS, da Bankin Duniya, da ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki da ake kira OECD, su zuba su wuri guda cikin zane mai sauƙin kallo. A ƙasan kowane zane za ka ga sunan hukumar da ta fitar da shi da ranar da aka sabunta, wannan kaɗai ya sa na yarda da shafin, domin mun saba ganin lambobi suna yawo babu uwa babu uba.

Abu na farko da na rubuta a akwatin bincike shi ne UNRATE, wato ma'aunin rashin aikin yi na Amurka. Layin ya faro tun 1948, yana hawa yana sauka kamar tudu da kwari, sai ka iso 2020 kawai ka ga ya miƙe tsaye kamar sanda. A watan Fabrairu kashi 3.5 ne cikin 100, wanda rabon da a ga ƙasa da haka tun ƙarshen shekarun 1960, a watan Afrilu ya kai 14.8, mafi yawa tun da aka fara wannan ƙidayar. Wata biyu kacal. Idan ka ɗora yatsa a kan layin zai fito maka da wata da lambar, kuma akwai wasu ratsi masu ruwan toka a bayan zanen da ke nuna lokutan da tattalin arziki ya karye. Ratsin korona siriri ne sosai saboda a hukumance karayar daga Fabrairu zuwa Afrilu ce, mafi gajarta a tarihinsu, amma layin da ke cikinsa ya fi na kowane ratsi tsawo.

Wanda ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne ICSA, adadin waɗanda suka nemi tallafin rashin aiki karo na farko a kowane sati. Kafin korona mafi yawan da aka taɓa samu a sati ɗaya shi ne 695,000, a watan Oktoban 1982. A satin farko na Afrilun 2020 sama da mutum miliyan 6 ne suka nema. Saboda tsawon wannan layin, duk shekaru hamsin ɗin da suka gabata sun kwanta a ƙasan zanen kamar zare, har rikicin tattalin arziki na 2008 da duniya ta yi ta magana a kai ya zama ɗan ƙaramin tudu. A watan Afrilu kaɗai ayyuka sama da miliyan 20 suka tafi, kuma kusan miliyan 7.7 daga ciki a ɓangaren otal-otal da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa ne, kusan rabin ma'aikatan ɓangaren kenan. Na daɗe ina kallon wannan lambar, saboda irin aikinmu ne, masu share ɗaki da masu wanke kwanuka da masu ɗaukar jaka.

Sai na je kan ainihin abin da ya kawo ni, wato albashi. Na buɗe zanen matsakaicin abin da ake biyan ma'aikaci a awa ɗaya, kuma tabbas mutumin nan na gurup bai yi ƙarya ba, a watan Afrilun 2020 layin ya yi tsalle sama, a rahoton farko dala 1.34 ya ƙaru cikin wata guda ya kai dala 30.01, idan aka kwatanta da shekarar baya kusan kashi 8 kenan. Na sake kiran ƙanwata nace to ai ga shi nan, tace "Yaya ɗauko biro". Tace ka ɗauka kamfani yana da ma'aikata goma, bakwai suna karɓar 10 uku suna karɓar 40, idan ka haɗa ka raba matsakaicin 19 ne. To a sallami biyar daga cikin masu karɓar 10 ɗin, saura mutum biyar, biyu masu 10 uku masu 40, yanzu matsakaicin ya zama 28. Babu wanda aka ƙara wa ko sisi, mutum biyar sun rasa abin yi gaba ɗaya, amma a takarda albashi ya tashi. Na ajiye biron na yi shiru, domin abin da ya faru a otal ɗinmu kenan sak, da za a auna matsakaicin albashin wurin washegarin ranar da dattijuwar nan ta ajiye makullai, da an ce an samu ci gaba.

Ita kanta hukumar BLS ta faɗi haka a rahotonta na wannan watan, cewa tashin ya samo asali ne daga yawan masu ƙaramin albashi da suka rasa aiki. Kuma FRED zai nuna maka ɗaya gefen labarin idan ka ja zanen gaba, a watan Afrilun 2021 da masu ƙaramin albashin suka fara komawa bakin aiki, ƙarin albashi na shekara ya faɗo ƙasa da kashi 1, ba don an rage wa kowa ba sai don an dawo da su cikin lissafi.

Nan ne shafin ya fi burge ni, domin bai bar ka da layi ɗaya ba. Akwai wani maɓalli a saman zanen da aka rubuta Edit Graph, idan ka danna za ka iya ƙara wani layin a kan na farko, ka canza ma'auni daga lamba zuwa kashi, har ma ka raba wannan da wancan. Da na ɗora layin yawan ma'aikata a kan layin albashi sai ga su kamar almakashi, ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa a wata guda. Akwai kuma wani ma'aunin albashin da ake kira ECI wanda yake riƙe nau'in ayyukan yadda suke ba ya barin sallamar wasu ta jirkita lissafin, shi idan ka duba ba za ka ga wannan tsallen ba sam. Reshen babban bankin na Atlanta ma yana da nasa, wanda yake bin mutum ɗaya ya duba abin da yake karɓa yau da abin da yake karɓa wata goma sha biyu baya. Duk wanda zai yi magana a kan albashi lokacin annoba, a ganina waɗannan biyun ya kamata ya fara dubawa.

Da na gane yadda ake ɗora layi sai na shiga rarraba mutane. A rahoton Afrilun 2020 rashin aiki tsakanin mata manya kashi 15.5 ne, maza 13, matasa 'yan ƙasa da shekara ashirin kuwa kusan 32. Wannan ya saɓa da abin da aka saba gani, a karayar 2008 maza ne suka fi jin jiki saboda gine-gine da masana'antu ne suka durƙushe, korona kuwa ta daki ayyukan da sai an haɗu ido da ido, sayar da kaya, gyaran gashi, renon yara, hidimar abinci, inda mata suka fi yawa, ga kuma makarantu a rufe yara suna gida dole wani ya zauna da su. Ta fuskar karatu tazarar ta fi muni, waɗanda ba su gama sakandare ba kashi 21.2, masu digiri 8.4. Wasu masana biyu a jami'ar Chicago, Dingel da Neiman, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 37 ne kawai na ayyukan Amurka za a iya yi daga gida, kuma yawanci su ne masu albashi mai tsoka. To ka ga annobar ba ta raba wahalar daidai ba, mai kwamfuta ya koma falo ya ci gaba, mai tsintsiya ya koma gida ya zauna.

Wani abu kuma da ban sani ba sai da na yi ta karanta bayanan ƙasan zanen, ma'aunin rashin aiki ba ya ƙirga wanda ya daina neman aikin. Idan an kulle gari ina za ka je nema? Shi ya sa sai ka haɗa da CIVPART, wato kason mutanen da ke aiki ko suke nema, wanda ya faɗo daga sama da kashi 63 zuwa kusan 60 cikin wata biyun nan, miliyoyin mutane kenan da suka fice daga lissafin gaba ɗaya. Bayan haka hukumar BLS ta bayyana da bakinta cewa an samu kuskure wajen rarraba wasu da aka tura gida, aka rubuta su a matsayin masu aiki da ba su je ba, kuma da an sa su inda ya dace da lambar Afrilu ta ƙaru da kusan maki biyar. Ni wannan bai rage min yarda da su ba, ƙara min ya yi, hukumar da za ta fito ta ce ga inda muka yi kuskure ita ce abar saurare.

A kan haka ma akwai ɗan uwan shafin mai suna ALFRED, wanda yake ajiye lambobin yadda aka fara fitar da su kafin a gyara. Da farko na rikice da naga tsofaffin labarai suna cewa 14.7 shi kuma FRED yana nuna 14.8, ashe gyara aka yi daga baya, kuma ALFRED zai nuna maka duka biyun da ranakunsu.

Inda na fi daɗewa shi ne kwatanta ƙasashe, domin nan ne na gane cewa cuta ɗaya ce amma matakin da gwamnati ta ɗauka shi ke yanke yadda layin zai kasance. Ka ɗora Birtaniya da Jamus a kan Amurka, za ka ga na Amurka ya haura sama su kuma nasu ɗan motsi kawai ya yi, Birtaniya ba ta wuce kashi biyar da 'yan kai ba. Ba wai cutar ta raga musu ba ne. A Birtaniya gwamnati ce ta ɗauki nauyin kashi 80 na albashin wanda aka tura gida, har zuwa fam 2,500 a wata, da sharaɗin kamfani ya bar sunansa a takardar albashi, shirin ya fara a Maris ɗin 2020 ya ƙare ƙarshen Satumban 2021, ya shafi ayyuka miliyan 11.7 kuma ya ci kusan fam biliyan 70. Jamus tana da nata tsohon tsarin da suke kira Kurzarbeit, a rage wa ma'aikaci awannin aiki gwamnati ta cike masa kashi 60 na abin da ya rasa, 67 idan yana da yara, kuma kusan mutum miliyan 6 ne suke ciki a watan Afrilun 2020. Amurka ita ta bi wata hanyar, ta bar kamfanoni suka sallami mutane sannan ta bi su da kuɗi, dokar CARES ta ƙarshen Maris mai dala tiriliyan 2.2 ta ƙara wa marasa aiki dala 600 a kowane sati har ƙarshen Yuli, ga kuma dala 1,200 da aka tura wa yawancin manya. Saboda haka mai gyaran ɗaki a Landan da mai gyaran ɗaki a New York duk suna zaune a gida a rana ɗaya, amma ɗaya a takarda mai aiki ce ɗaya mara aiki.

Ni a raina tsarin riƙe mutum a aikinsa ya fi kwanta min, saboda na san abin da takardar sallama take yi wa mutum, ba kuɗin kaɗai ba ne, akwai kwanciya da dare ba ka san ko kana da wurin komawa ba. Amma gaskiya zanen ya sa na sassauta, domin farfaɗowar Amurka ta zo da sauri fiye da yadda na zata. Daga cikin marasa aiki miliyan 23 na Afrilun 2020, kusan miliyan 18 sallamar wucin gadi ce, da aka buɗe gari da yawa suka koma. Zuwa tsakiyar 2022 yawan ayyuka ya dawo inda yake kafin annobar, alhali bayan karayar 2008 da ta ci ayyuka miliyan 8.7 sai da aka shafe sama da shekara shida kafin a cike giɓin.

Sannan sai ga wani abin mamaki a 2021. Ka duba zanen masu ajiye aiki da kansu, a watan Nuwamban shekarar kusan mutum miliyan 4.5 ne suka ajiye, ba a taɓa ganin haka ba tun da aka fara ƙidayar, kuma zuwa Maris ɗin 2022 guraben aikin da ake neman ma'aikata sun kai wajen miliyan 12, kusan gurbi biyu ga kowane mara aiki ɗaya. Gidajen abinci da otal-otal da suka sallami mutane jiya su ne suka dawo suna roƙo, dole suka ƙara kuɗi. Masana irin su David Autor da Arindrajit Dube sun nuna cewa a wannan tsakanin albashin na ƙasa ya fi na na sama saurin tashi, har tazarar da ta shafe shekaru tana faɗaɗa ta ɗan tsuke. Wannan karon tashin na gaske ne, ba irin na Afrilun 2020 ba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin hauhawar farashi ta taso ta kai kashi 9.1 a watan Yunin 2022, albashi kuma yana ƙaruwa da biyar da wani abu, idan ka raba layin albashi da layin farashi a FRED za ka ga kusan shekara biyu matsakaicin ma'aikaci yana karɓar kuɗi mai yawa yana sayen kaya kaɗan.

Ƙanwata ta ba ni wani tarihi a nan da ya tsaya min. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe mutane da yawa har aka rasa masu aikin gona, ladan ƙwadago ya tashi, sarki Edward na uku ya kafa doka a 1349 cewa kada a biya kowa fiye da abin da ake biya kafin cutar. Can mutuwa ce ta rage hannaye, korona kuwa ta fi kashe tsofaffi, ɓarnar da ta yi wa aiki ta biyo ta kulle da tsoron fita ne da kuma mutanen da suka yi ritaya da wuri ba su dawo ba.

To yanzu inda shafin bai kai ba, domin ba zan ce komai nasa ya cika ba. Na ɗaya da Turanci yake, kuma Turancin ma na masana, sunayen jerin dogaye ne masu kama da juna, ka rubuta kalma ɗaya ya kawo maka dubbai, wannan an daidaita shi da yanayin shekara wancan ba a daidaita ba, sabon shiga zai iya ɗaukar wanda ba shi yake nema ba. Na biyu ba aikinsa ba ne ya yi maka fassara, lamba zai ba ka da sunan mai ita, shi ya sa mutum zai iya ɗaukar hoton layin albashin nan shi kaɗai ya yaɗa kuma bai ƙirƙiri komai ba. Suna da ɓangaren gajerun rubuce-rubuce da ke bayanin wasu zanukan, yana taimakawa, amma sai ka neme shi. A waya yana buɗewa lafiya kuma ba ya cin data sosai, akwai manhajarsa ma, sai dai ɗora layi uku ko huɗu ya fi daɗi a kwamfuta.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, ko da yake ba laifin shafin ba ne. Ƙarfinsa a kan Amurka yake, sai ƙasashe masu arziki, ga ƙasashe masu tasowa da yawa abin da za ka samu lamba ɗaya ce a shekara daga Bankin Duniya, lamba ɗaya a shekara kuwa ba za ta nuna maka abin da ya faru cikin sati shida na kulle ba. Kuma mafi yawan ma'aikatan duniya ba su da takardar albashi tun asali. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta ce a rahotonta na 2018 kusan mutum biliyan 2 ne suke aikin da ba a rubuce yake ba, sama da kashi 60 na masu aiki a duniya, masu talla da direbobi da leburori da masu aikatau, 'yan hannu baka hannu ƙwarya, kuma a Afrilun 2020 ta ƙiyasta biliyan 1.6 daga cikinsu kulle ya taɓa sosai. Irin waɗannan ba sa bayyana a layin rashin aiki saboda ba su da halin zama su ce ba su da aiki, abin da ke faɗuwa shi ne cinikin ranar. Ku tuna Indiya da aka sanar da kulle a ranar 24 ga Maris saura awa huɗu ya fara, 'yan ci-rani suka kama hanya a ƙafa ɗaruruwan kilomita da kaya a ka da yara a kafaɗa. Don irin wannan sai ka haɗa da shafin ILOSTAT na ita ƙungiyar, su awannin aiki suke aunawa, kuma sun ce a 2020 duniya ta rasa kashi 8.8 na awannin aiki, daidai da cikakkun ayyuka miliyan 255, kuɗin da ma'aikata ke samu ya ragu da dala tiriliyan 3.7. A cikin mutum miliyan 114 da suka rasa aiki, miliyan 33 ne kawai suka shiga sahun marasa aiki a lissafi, miliyan 81 ficewa suka yi daga neman.

Idan maki ne zan ba FRED huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe saboda wahalar da sabon shiga zai sha ne. Ɗalibi, ɗan jarida, ɗan ƙungiyar ƙwadago da zai zauna teburin tattauna albashi, ko wanda kawai abin ya shafa kamar ni, duk zai amfane ku. Ku fara da UNRATE, ku ƙara PAYEMS wanda shi ne yawan ma'aikata, sannan albashi, kuma dan Allah kada ku kalli layin albashi shi kaɗai. Ana iya sauke lambobin a buɗe su a Excel, ana iya sauke zanen a matsayin hoto, idan kuma ka buɗe asusu na kyauta zai ajiye maka zanukan da ka haɗa.

Ni zanen almakashin nan na sauke na tura gurup ɗin, na rubuta lissafin ma'aikata goman a ƙasa. Mutumin bai ce komai ba sai washegari, ya biyo ni ta gefe yace shi ma ƙanin matarsa direban wani kamfani ne kuma a watan aka sallame shi, ya tambaye ni yadda ake ƙara layi na biyun.